Alamar Kabari: Makabartunmu Da Na Mutanen Sikotland



Na san cikinku akwai waɗanda suka ga kan wannan jawabi a allon sanarwa suka ce a ransu, wannan yaro me ya same shi, duk maganganun duniya ya rasa wadda zai kawo mana sai ta makabarta? Ina roƙonku gafara da ɗan haƙuri. Zan fara da gaya muku abin da ya jawo ni ga wannan magana, watakila in kun ji ku yi mini uzuri.

Ni mutumin Fulatan ne, cikin ƙasar Rogo, wadda a da take haɗe da Karaye, can yammacin Kano wajen iyakarmu da Zazzau da Katsina. A hutun da ya wuce na roƙi baffana ya kai ni in ziyarci kabarin kakana, wanda aka sa mini sunansa, ya kuwa rasu tun ina goye. Muka tafi da hantsi. Baffa ya tsaya gindin wata aduwa ya ƙirga taki zuwa kudu, ya tsaya, ya dawo, ya sake ƙirgawa. Can ya ce mini, “Ɗana, ko wannan ne ko wancan, ɗaya daga cikinsu dai.” Tudun biyu duk sun kwanta, sun kusa zama daidai da ƙasa. Tsinin tulun da aka kafa a wajen kai ya daɗe da ɓacewa. Muka yi addu'a ga duka biyun da sauran Musulmin da ke kwance a wurin, muka komo gida ba mai ce wa wani kome. Baffa shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Ran da ya bi su, ko aduwar ma ba wanda zai san ita ce ma'auni.

Da na dawo makaranta sai na ci karo da wani littafi a laburare, na wata baiwar Allah mai suna Betty Willsher, wanda aka buga a 1985, a kan tsofaffin makabartun ƙasar Sikotland, watau arewacin Birtaniya. Na buɗe don in kashe lokaci, sai ga shi na kwana uku ina komawa gare shi. Abin da na gani a ciki, da abin da ya sa na tuna game da namu, shi na kawo muku yau.

Bari mu fara daga gida, gama kowa ya san gidansu kafin ya san na maƙwabta. A wajenmu in mutum ya cika, ba a ɓata lokaci. A yi masa wanka, a sa shi a likkafani fari, a ɗora a makara, a yi masa salla a ƙofar gida, a nufi makabarta. Can an riga an haƙa uwar kabari mai faɗi, an kuma haƙa 'yar a tsakiyarta daidai jikin mutum. A kwantar da shi bisa gefensa na dama, kansa kudu, fuskarsa gabas tana duban alƙibla. A jera itatuwa a kan 'yar, ko kuwa fasassun tukwane kamar yadda aka fi yi a birni, a toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sa'an nan a mai da ƙasa a yi ɗan tudu, a yayyafa ruwa. Alamar da za a sa ba ta wuce guntun dutse, ko wuyan tulu, ko reshen itace da aka kafa a wajen kai. Attajiri da almajiri duk haka ake yi musu. Wanda ya shiga makabartar ƙauye ba zai iya nuna maka inda dagaci yake da inda baransa yake ba. Ni a ganina wannan yana cikin kyawawan abubuwan da muka gada, ba kuwa na zo nan don in rushe shi ba.

To, mutanen Sikotland fa? A shekarar 1560 aka yi babban juyin addini a ƙasarsu, suka rabu da cocin Roma. Sababbin shugabannin addininsu suka hana binne mutane cikin ɗakin ibada, abin da manya suka saba yi a da. Saboda haka sai kowa ya koma fili, a harabar coci. A Edinbura aka buɗe makabartar Greyfriars a 1562, a Dundi kuma Sarauniya Maryamu ta ba mutanen gari filin da ake kira Howff a 1564. Tun daga ƙarni na 17, balle a ƙarni na 18, sai talakawa masu sana'a da manoma suka shiga kafa wa matattunsu duwatsu. Masu sassaƙa duwatsun nan magina ne na ƙauye, ba su yi makarantar zane ba, yawancinsu ma ba a san sunayensu ba. Kowace gunduma da irin hannunta, kamar yadda mu nan muke gane ɗinkin hular wani gari ko ginin tukunyar wani ƙauye da gani ɗaya.

Zanen da suke yi iri uku ne. Na farko na tuna mutuwa: ƙoƙon kai, da ƙasusuwa a gicciye, da akwatin gawa, da shebur na mai haƙa kabari, da ƙararrawar hannu wadda ake kaɗawa a gari in an yi rasuwa, da wani gilashi mai yashi da ake auna lokaci da shi, wani lokaci a kwance don nuna cewa yashin wannan mutum ya ƙare. Waɗannan a gindin dutse aka fi sa su. Na biyu na tashin ƙiyama ne bisa ga imaninsu: fuskar mutum da fukafukai, wai ran mamacin ke nan yana tashi, ko mala'ika yana busa ƙaho. Waɗannan a saman dutse suke. Wanda bai iya karatu ba ma in ya duba daga ƙasa zuwa sama ya karanta wa'azin. Na uku kuwa, wanda ya fi ɗaukar hankalina, shi ne alamar sana'a. Maƙeri a sassaƙa masa guduma da kambi a kanta. Masaƙi a yi masa ƙoshiya. Tela almakashi da dutsen guga, manomi bakin garma, baduku wuƙarsa, matuƙin jirgin ruwa jirginsa, ɗan kasuwa ma'auninsa. Wani abin sha'awa kuma, mace a can akan rubuta ta da sunan gidan ubanta ko da ta yi aure, kamar dai yadda muke yi. Daga ƙarni na 19 wannan fasaha ta mutu, aka koma duwatsu masu sulɓi da ake yankawa da inji, duk iri ɗaya.

Ku dubi abin da wannan ya haifar. Gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta doka a Sikotland ba sai 1855. Mai neman labarin kakanninsa kafin wannan shekara, littattafan coci da duwatsun nan su ne madogararsa. Daga gare su ake sanin sana'o'in da aka yi a kowane ƙauye, da shekarun da yara suka yi ta mutuwa, da gidajen da suka ƙare. Sun kuwa san darajar abin tun da wuri. An yi wani magini, Robert Paterson, wanda ya rasu a 1801, ya shafe wajen shekara arba'in yana yawo bisa ɗan dokinsa daga makabarta zuwa makabarta, yana kankare gansakuka yana sabunta rubutun kaburburan waɗanda aka kashe saboda aƙidarsu a ƙarni na 17. Labarinsa ne marubucin nan Walter Scott ya ɗora littafinsa na 1816 a kai. A zamanin nan ma ƙungiyoyin sa-kai sun bi makabartun ɗaya ɗaya sun kwafe rubutun kafin ruwa da iska su cinye shi.

Kada ku ce ƙasar nan ta yi mana nisa, gama akwai 'ya'yanta kwance a ƙasarmu. Likita Walter Oudney ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu 1824, a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya sa aka kewaye kabarin da katangar ƙasa don kada namun daji su tone, ya kuma yanka tumaki biyu aka raba wa matalauta. Shi Clapperton ɗin, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1827, baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da birnin. Mutanen ƙasar duwatsu masu zane, ga su sun kwanta irin kwanciyarmu, ƙasa bisa ƙasa.

Yanzu sai mu tambaya, me ya sa mu ba mu yi irin nasu ba? Dalili na farko addini ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, littafin Risala da kowane almajirin ilmi ya sani ya karhanta yin gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a cikin Ihya'us Sunna ya keɓe babi a kan jana'iza da kaburbura, inda ya yi gargaɗi game da bidi'o'in da ake yi a wurin. Sassaƙa surar mutum ko ta mala'ika kuwa, wannan ba ya ma cikin lissafi. Dalili na biyu kayan aiki ne. Su suna da dutse mai laushin sassaƙa a ko'ina, da shi suke gina gidajensu. Mu maginanmu na ƙasa ne, duwatsunmu kuwa irin masu taurin nan ne da sai dai a yi dutsen niƙa da su. Gwanintar hannun Bahaushe sai ta tafi wajen zanen bangon soro, da dagi, da aska takwas a gaban riga, da sassaƙar ƙwarya, da zayyanar allo ran saukar karatu. Dalili na uku kuwa, mu abin tunawarmu a baki yake. Kirari, da waƙar makaɗa, da marsiyyar malamai, da sunan kaka da ake mayar wa jika, su ne duwatsunmu. Ni da nake tsaye gabanku, ni ne alamar kabarin kakana.

Amma fa kada mu ɗauka cewa ƙasashenmu ba su taɓa sanin kabari mai alama ba. A Gao ta ƙasar Mali, a wani wuri da ake kira Sane, an gano duwatsun kaburburan sarakuna a 1939, da rubutun Larabci irin na Kufi. Waɗansunsu na marmara ne, masana kuma sun nuna cewa a Almeriya ta Andalus aka sassaƙa su aka ratso Sahara da su bisa raƙuma. Ɗaya yana ɗauke da shekarar 494 ta Hijira, watau 1100 ta Miladiyya. Sunayen sarakuna da sarauniyoyin da ke jikinsu sun gyara abubuwa da dama da aka daɗe ana faɗi game da tarihin Sanwai, kamar yadda Paulo de Moraes Farias ya nuna a babban littafinsa na 2003. Nan kusa da mu kuma akwai Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ta Katsina, inda manyan tuddai suke bisa kaburburan sarakunan da. An tona a 1907 zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka sake tonawa a 1992, aka sami kayan zinariya da tagulla da hauren giwa da wuri, shaidar cewa ƙasar Hausa tana ciniki da nesa tun ɗaruruwan shekaru.

Bayan jihadi ma ba a bar kaburburan manya sun ɓace ba. Hubbaren Shehu yana Sakkwato inda ya rasu a 1817, 'yarsa Nana Asma'u tana kusa da shi. Na Abdullahi yana Gwandu, na Muhammadu Bello yana Wurno tun 1837. Katsinawa sun san inda Ɗan Marina da Ɗan Masani suke. A Kano gidan sarki na Nasarawa nan ne makwancin sarakuna da dama, har da Alhaji Ado Bayero da ya rasu a 2014. Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka kama a 1903, kabarinsa yana Lakwaja inda ya rasu a 1926. Malam Aminu Kano yana cikin gidansa na Mumbayya tun 1983. Kun ga ke nan sarki da waliyyi da shugaba ba su ɓata ba. Wanda ya ɓata shi ne maƙerin Fulatan, da masaƙin Zarewa, da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin mutanen Rogo. Bambancinmu da Sikotland a nan yake: su talakansu ya bar suna, namu bai bari ba.

A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo, wanda duk mai zuwa jana'iza ya gani. Shi ne ɗan allon ƙarfe da mai walda yake yankawa ya sa masa ƙafa, mai fenti ya rubuta sunan mamaci da ranar rasuwarsa da gajeriyar addu'a, wani da boko, wani da ajami, wani da duka biyu. Waɗansu allunan an yanka su da siffar allon makaranta, waɗansu an yi musu kai kamar ƙubba, waɗansu an zana wata da tauraro. In kun lura za ku ga kowane mai fenti da hannunsa. Wannan ita ce fasahar talaka ta makabartarmu, 'yar'uwar ta maginan Sikotland, sai dai ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci balle ya yi nazarinta. Ga shi kuwa ba ta da ƙarko. Damina kaɗan fenti ya goge, tsatsa ta ci, abin da ya rage kuma ɓarayin ƙarfe su tsinke su kai wa 'yan gwangwan. Malamai ma sun saɓa a kan rubutu a kabari, waɗansu sun karhanta, waɗansu sun sauƙaƙa in don ganewa ne kawai. Sa alama dai ita kanta tana da asali, gama ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'unu don ya riƙa gane shi. Hukuncin rubutu na bar wa masu shi, ni ɗalibi ne.

To, mene ne abin damuwa? A da, baki ya isa riƙe tarihi, domin mutum a garinsu ake haifarsa, nan zai tsufa, nan za a binne shi, jikokinsa suna jin labarinsa a dandali. Yanzu fa? Mu da ya kamata mu karɓa daga tsofaffi muna makaranta, daga nan sai aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja. Igiyar ta tsinke a hannunmu. Ƙasa kuma ta yi tsada. Makabartar da ba ta da katanga, bana mai gona ya ci kunya ɗaya, baɗi ya ci biyu. Na san wata tsohuwar makabarta a yankinmu da yanzu dawa ake nomawa a rabinta, ba kuwa wanda zai iya kai ƙara, don ba takarda, ba taswira, ba alama. Zaizayar ƙasa tana cin wata, hanya ta ratsa wata. Da aka gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992, an ta da ƙauyuka, rayayyu suka koma sabon wuri, na kwance kuwa aka bar su. A Maiduguri ambaliyar watan Satumba 2024 ta shiga har makabarta. Ga kuma miyagun da ke tone kaburbura don tsafi. Su ma mutanen Sikotland sun sha irin wannan, lokacin da ake satar gawa ana sayar wa makarantun likita, har suka riƙa sa kejin ƙarfe bisa kabari suna gina ɗakin masu gadi, sai da aka yi doka a 1832 abin ya lafa.

Akwai kuma abin da ya shafi rayayyu kai tsaye. Kun tuna watan Afrilu 2020, sa'ad da aka yi ta mutuwa a birnin Kano lokacin annobar korona. Da aka so sanin ko mutum nawa suka rasu, ina aka nufa? Wajen masu haƙar kabari, aka riƙa tambayarsu suna ƙirga sababbin tuddai. Alhali kuwa tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wa ya taɓa ganin an je yi wa mamaci rajista a ƙauyenmu? Al'ummar da ba ta san adadin matattunta ba, ba za ta san abin da ke kashe ta ba. Rabon gado ma sau nawa ake rigima a kotu a kan wa ya riga wani rasuwa, a rasa shaida sai rantsuwa?

Ba ina kira mu kwaikwayi Turawa mu cika makabartunmu da marmara da gumaka ba, Allah ya kiyaye. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da nake so mu ara daga gare su shi ne kula, kuma abin da zan roƙa ba ya bukatar ko bulo ɗaya a bisa kabari.

Ga 'yan'uwana ɗalibai: hutun nan mai zuwa kowa ya sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Ka je wurin limamin garinku da mai unguwa ka nemi izini. Ka sami masu haƙar kabari, gama su ne malaman wannan fanni, sun san kowane tudu, ba kuwa mai tambayarsu. Ka zauna da tsofaffi maza, 'yan'uwanmu mata kuma su zauna da tsofaffin mata, don su suka fi riƙe dangantaka. A rubuta wa ke kwance a ina, ɗan wane ne, mece ce sana'arsa, a wace shekara ya rasu, ko da da lissafin sarautar wane ko shekarar yunwa kaza ne. A zana taswirar wurin da itatuwansa, a ɗauki hoton allunan da waya kafin su goge. A bar kwafi ɗaya a masallaci, ɗaya a kawo wa wannan ƙungiya ta ajiye a laburare. Gudumar maƙeri da ƙoshiyar masaƙi da mutanen Sikotland suka sa a dutse, mu sai mu sa namu a takarda.

Ga yayyenmu ma'aikata da suka halarci wannan taro, musamman na ƙananan hukumomi da ofishin safiyo da na lafiya: a auna kowace makabarta a fitar mata da takarda da sunan jama'ar gari. Inda ba kuɗin katanga, shingen aguwa ko na itatuwa ya fi babu. A ba masu gadi da masu haƙa ɗan abin da zai riƙe su, a ba su littafin rajista. Tsofaffin kusheyi da kufai masu tarihi kuma a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 don irin wannan aiki. Karaye tsohon gari ne da sunansa ya fito a littafin tarihin sarakunan Kano, ba zai yiwu a ce ƙasarsa ba ta da abin da ya cancanci a adana ba.

Ni dai na riga na fara. Kafin in baro gida na koma wurin baffa da littafina, muka yi yamma uku yana faɗi ina rubutawa, har muka sami sunaye da yawa da ban taɓa ji ba, cikinsu har da wata ƙanwar kakana da ta rasu wajen haihuwa, wadda ko mahaifina bai san an yi ta ba. Kabarin kakana kuwa na rubuta shi yadda baffa ya faɗa: kudu da aduwa, ɗaya daga cikin biyu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.